Wanne-Ya-Fi da Allon da Yayanta Ya Haddace

Sunan da iyayenta suka raɗa mata yana nan a rubuce a katin da ke maƙale a rigarta, amma babu mai karanta shi, don duk wanda ya shigo ɗakinta ai da matsalar ido ya shigo. Shekara ashirin da shida tana aiki ɗaya a wani ƙaramin asibitin ido: ta zaunar da mutum a kujera, ta ɗora masa firam ɗin ƙarfe mai nauyi a hanci, ta zura gilashi, ta zare, ta zura wani, tana tambaya, "Wannan ko wannan? Wanne ya fi?" Tun tana yi wa marasa lafiya tambayar har ta koma yi wa tela da mai kayan miya da 'ya'yanta. Shi ke nan suna ya bi ta. Hatta likitan da take aiki a ƙarƙashinsa, in ya leƙo, cewa yake, "Wanne-Ya-Fi, saura mutum nawa?"

Ɗakin nata dogo ne siriri, taga ɗaya, fanka ɗaya mai kuka. Kujera a wannan ƙarshen, allon gwaji a wancan ƙarshen. Allon ba ya buƙatar ka iya karatu. Harafi ɗaya ne mai ƙafa uku aka yi ta maimaitawa, ƙato a sama, yana ƙanƙancewa yana gangarowa har ya koma kamar tururuwa. Wani ƙafafunsa sun kalli sama, wani ƙasa, wani hagu, wani dama. Ita ta nuna da sanda, kai ka nuna da hannu inda ƙafafun suka dosa. Mace ce gajeriya mai haƙuri da tsofaffi da yara, amma ka kuskura ka goge gilashinka da gefen riga a gabanta, ranar za ka ji faɗan da ba a taɓa yi maka ba tun kana yaro.

Mijinta malamin lissafi ne da ya yi ritaya, kuma tun da ya rasa ɗaliban da zai yi wa gyara sai ya dawo kanta. Ƙorafinsa guda ne: matarsa ba ta da ƙa'ida. Ba wai ba ta da kirki ba, a'a, kirkin ma har ya yi yawa. Abin da ke damunsa shi ne ba ya iya sanin ta inda kirkin zai ɓullo.

Yana da hujjojinsa, kuma ba ya gajiya da kawo su. Akwai wani tsoho da matarsa ta rasu ba da jimawa ba, ya zo ya zaɓi wani firam ja wur wanda ya cinye masa rabin fuska, ya kalli madubi ya yi murmushin da 'yarsa ta ce rabon da ya yi tun ranar rasuwar. Ya juyo ya ce, "Ya yi mini kyau?" Wanne-Ya-Fi ko ƙifta ido ba ta yi ba ta ce, "Baba, kamar don kai aka ƙera shi." Ƙarya tsagwaronta! A makon nan dai maƙwabciyarsu ta zo tana roƙo a gaya wa mijinta cewa kallon ƙwallo ne ke kashe masa ido, ko za ta samu ya riƙa yi mata magana da yamma. Wanne-Ya-Fi ta ce idon bawan Allah ƙalau yake, ita ba za ta yi masa ƙarya ba.

Ga kuma maganar alkawari. Ranar da makarantarsu ta shirya wa Malam taron ban-kwana, ta yi masa alkawarin za ta zauna a layin gaba. Har ta sa kaya, sai ga wata mata ta rugo da 'yarta tana ihu, ruwan wanke banɗaki ya fallatsa wa yarinyar a ido. Nan Wanne-Ya-Fi ta durƙusa a bakin famfo da kayan fitarta tana wanke wa yarinyar ido, kujerar layin gaba kuwa ta ƙare taro ba kowa a kanta. Amma ita ɗin ce wata rana ta bar Malam kwance da mura, yana nishi kamar zai cika, ta tafi can ƙarshen gari don ta yi wa wata tsohuwa alkawarin ɗaure mata ƙusar gilashi.

"Ni fa ban ce kin yi laifi ba," Malam yakan ce, yana kaɗa cokali a kofin shayi. "Jera mini su kawai. Gaskiya ce a sama, ko alkawari, ko tausayi? Ɗaya, biyu, uku."

"Ba sa jeruwa, Malam. Duk suna da nauyi, amma nauyin na yau ba shi ne na gobe ba."

"To ta yaya kike sanin wanda ya rinjaya?"

"Kai da na gwada maka ido, na ce wannan ko wannan, lissafi ka yi kafin ka amsa? Gani ka yi."

"Ido daban, wannan daban!"

"To ni nan nake ganinsa," sai ta dafa ƙirji. "In na tsaya na dubi abu da kyau, ɗaya yakan fito fes, ɗayan ya yi dishi-dishi. Wani lokacin kuma in yi kuskure, kamar yadda kai ma ka zaɓi gilashin da ya sa ka wata biyu kana takawa sama-sama."

A nan hirar take ƙarewa kullum, don Malam ba ya son a tuna masa da wannan gilashin.

Sai maganar yayanta. Tana da shekara tara mahaifinsu ya rasu, Yaya kuwa yana da ashirin, shi ya rene ta har ta zama mutum. Direba ne na motar 'yan makaranta, doguwar mota mai cin yara talatin da huɗu, duk ƙanana, irin waɗanda jakarsu ta fi su girma. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aikin, ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji wannan labarin. Mutum ne dogo mai gashin baki, mai son girma, ba ya fita sai takalminsa na ƙyalli. Ita kaɗai yake kira Auta, ko da ta tara jikoki.

Lokacin da take koyon aiki, a falonsa ta kafa allon gwajinta na farko, shi ne kuma marar lafiyarta na kullum. Shekara biyu cur, da ya dawo daga aiki ta zaunar da shi, ta rufe masa ido ɗaya, shi kuwa ya yi ta nuna sama, hagu, ƙasa, dama, yana hamma. Da ta sami aiki ta tarar allon asibitin ya yage, sai ta ɗauko nata na falo ta rataye. Shi ne yake nan shekara ashirin da shida.

To makarantar da Yaya yake yi wa tuƙi tana da doka: kowace shekara direba ya kawo takardar gwajin ido, in babu takarda babu makulli. Kowace shekara wurin Auta yake zuwa, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya zuba allon nan daga sama har ƙasa babu kuskure ko ɗaya. Shekaru da yawa abin bai dame ta ba, don da gaske idonsa garau yake. Bara ne ta lura hannunsa yana riga sandarta isa wurin harafi. Ta haska idon, ta ga ya ɗan fara hazo amma da saura, ta ƙara masa ƙarfin gilashi ta sa hannu. Ta sa hannun dai, amma ranta bai kwanta ba.

Bana, saura wata bakwai Yaya ya yi ritaya. Burinsa a duniya bai wuce ya ƙarasa a kan kujerar nan ba, ya miƙa makulli da hannunsa, a ce shekara talatin da biyu ba tare da tabo ba. Ana saura mako guda gwaji, matarsa ta zo gidan Wanne-Ya-Fi, ta ja ta kicin ta rufe ƙofa.

"Ki yi mini alkawari."

"Na me, Anti?"

"Yayanki. Kin san halinsa, in aka sauke shi daga motar nan a wulaƙance, wallahi kwanciya zai yi. Ki yi mini alkawari ba zai ji kunya a hannunki ba."

Ai ko baki matar ba ta rufe ba Wanne-Ya-Fi ta ce, "Na yi. Yaya ya ji kunya a hannuna? Allah ya kiyaye." Sai bayan matar ta tafi ta zauna tana tunanin me ya sa ma aka zo neman alkawarin.

Kamar an shirya, a cikin makon nan likita ya shigo da wani abu a naɗe a hammata, yana fara'a. Sabon allo ya sayo, wai tsohon ya koɗe har kunya yake ba shi. Harafin dai shi ne, ƙafa uku, amma jerin ya bambanta daga sama har ƙasa. Da hannunsa ya rataye shi, ya cusa tsohon a bayan kabad. Wanne-Ya-Fi ta dubi sabon jerin, sai ta tuna da Yaya.

Safiyar ranar gwajin ta zayyana wa Malam komai. Ka ga murna wurin mutum! Ya gyara zama, yau ga ranar ƙa'ida ta zo.

"Wannan ai mai sauƙi ne. In bai gani ba, ba ki sa hannu ba. Rayukan yara ne. An gama." Ya kurɓi shayi. "Sai dai kin yi alkawari. Alkawari kuma ba a karya shi, in ba haka ba maganar mutum ta zama banza." Ya sake kurɓa. "Ga shi mutumin nan shi ya rene ki. Ni kaina wurinsa na je neman aurenki, ya sa na jira awa biyu a tsaye." Ya ajiye kofin, ya cire gilashi, ya mayar. "Wata bakwai ne fa kawai. Amma kuma ai rana ɗaya ta isa a yi ɓarna."

"Ina jinka, Malam. Ɗaya, biyu, uku."

Malam ya ture kofin gefe. Can ya ce a hankali, "Ki tambayi abin nan naki na ƙirji." Ta so ta yi dariya, amma dariyar ta ƙi zuwa.

A wurin aiki, kafin a fara shigowa, ta jawo tsohon allo daga bayan kabad, ta kakkaɓe shi. Har ta hau kujera ta rataye shi a kan sabon, ta sauko, ta koma baya ta tsaya tana kallo. Ba wanda zai sani. Yaya zai zuba karatunsa, ta sa hannu, kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Ta daɗe a tsaye tana so abin ya yi mata daidai, wallahi ta so, amma ya ƙi. Ta sake hawa kujera ta sauke shi, tana jin haushin kanta, da likita, da wanda ya buga sabon allon ma.

Abin da ta iya yi wa alkawarinta ta yi. Ta sallami kowa da wuri, ta ce wa mai karɓar kati kar a turo mata kowa bayan sha ɗaya. Yaya ya sauke yaran safe, ya ajiye motar a tsallaken titi, ya shigo yana kaɗa makulli a yatsa. Ta rufe ƙofa har da sakata.

"Auta, a yi sauri, ƙarfe biyu zan kwaso mutanena."

Ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya rufe idon hagu da tafin hannu. Ta ɗora sanda a ƙaton harafin sama, ya nuna daidai. Ta sauko layi na biyu. Daga nan fa Yaya ya kama aiki: sama, hagu, ƙasa, dama, dama, sama, hannu na tafiya kamar na mai ba motoci hannu a mahaɗa. Bai ma jira sanda ba, ya wuce ta, ya gangara har layin tururuwa, ya ƙare da ɗan kaɗa yatsa na ƙwarewa. Ya rufe ɗayan idon ya maimaita, har da murmushi. Ban da ƙaton sama da wasu biyu-uku da ya dace da su, babu wanda ya yi daidai.

"To, ya kika gani? Kawo takardar."

"Yaya," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "an canja allon."

Ya sauke ƙafarsa. Ya ƙura wa bangon ido, ya miƙa wuya, ya tsuke fuska.

"Wa ya ce a canja?"

"Likita ne."

"Ikon Allah! Shekara nawa muna zaune lafiya da wancan allon? Me ya yi masa? Ina yake?"

"Yana bayan kabad."

"To ɗauko shi mana, ki daina ɓata mini lokaci."

Ba ta ɗauko ba. Ta ce ya ɗaga kai, ta ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido don a ga ciki. Ya san maganin sarai, ya san duk wanda aka ɗiga wa ba ya tuƙi ranar, amma bai kawar da kai ba. Maganin yana ɗaukar minti ashirin kafin ya kama, suka zauna suna jira, fanka na ta kukanta. Da lokaci ya yi ta kashe fitila ta haska. Yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ta dama da dama-dama, ta hagu kuwa ta yi kauri sosai.

Ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba. Yanar ido ce, aikinta ƙarami ne, likita yana yin biyar a rana, in an yi zai ga har zaren rigar mutum. Sai dai ido ɗaya ake fara yi, ya warke, a yi ɗayan, abin zai ci watanni. Su biyun sun san makaranta ba za ta ajiye mota tana jiransa ba.

"Wata bakwai, Auta." Yanzu babu faɗa a muryarsa. "A hankali nake tafiya. Hanyar nan na san ta kamar yadda na san allonki, kowane rami, kowace kwana."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan, Yaya. Rami yana nan inda ka bar shi jiya. Yaro ba ya tsayawa inda ka bar shi."

Ya murza makullin a hannu.

"Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, ko ruwa bai taɓa cewa ta miƙo masa don ya rene ta ba. Nan hawaye suka zubo mata, ta ji kunya ta kama ta kamar ita ce aka kama da laifi. Abin da ya kamata ta yi ya fito mata fes, ba ta da shakka ko kaɗan, amma hakan bai rage komai daga nauyin Yaya a ranta ba, bai kuma goge alkawarin da ta yi a kicin ba. Ta jawo takardar ta rubuta cewa ba zai yi tuƙi ba sai an yi masa aiki, ta sa hannu.

Ya miƙe, ya gyara riga, ya ajiye makullin a kan teburinta a hankali.

"Ki kira su da kanki. Ki ce a nemi wanda zai kwaso yaran ƙarfe biyu. Akwai wata 'yar mitsitsiya da ke barci a kujerar baya, a duba kafin a rufe mota."

Ya zare sakata ya fita, ko sallama bai yi mata ba. Ta kira makarantar a tsaye, ta faɗi saƙon duka har da na kujerar baya, sannan ta bi shi da gudu da farar rigar aikinta.

A bakin titi ta same shi. Rana ta take, motoci na wucewa ta kowane ɓangare, tashar da zai hau motar gida tana tsallake, kusa da inda ya ajiye tasa. Yana tsaye ƙiƙam da takalminsa mai ƙyalli, ya kare fuska da hannu, ya sa ƙafa ya janye, ya sake sawa ya janye. Ta matso ta tsaya a gefensa. Ya san ita ce, amma bai juyo ba.

"Maganin nan naki ne ya rufe mini ido," ya ce a fusace.

"Shi ne, Yaya. Haka yake yi wa kowa."

Ta kama hannunsa. Ta yi zaton zai fizge, sai ya bar mata. Suka sauka titin tare, tana ɗaga wa motoci ɗaya hannun. Sun kai tsakiya, inda ake tsayawa a jira na ɗaya ɓangaren su wuce, sai ta ji yatsunsa sun matse nata.

"Auta, ba maganin ba ne kaɗai," ya ce, yana kallon gabansa. "Duk abin da ke zuwa ta hagu, na kai shekara ba na ganinsa sai ya iso. Riƙe ni da kyau."